Adakar tashen unguwarmu da kwabban da suka shiga rabon gado

Ranar da aka zauna ƙididdige abin da Baba Ma'aji ya bari, kwanaki kaɗan bayan sadakar bakwai, an fito da kayansa zaure ɗaya bayan ɗaya: keken ɗinki, tsohuwar rediyo, manyan riguna, takardun gida. Daga ƙarshe yara biyu suka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa, fentinta kore duk ya kaɗe. Malamin da iyalan suka gayyato don rabon gado ya ce a buɗe. Da aka ɗaga murfin sai warin kafur ya cika zauren. A sama akwai gemun auduga, doguwar aba, an naɗe shi cikin tsohon zane. Ƙarƙashinsa rawani, allo, 'yar gora mai ɗaure da saiwoyi, kundi mai bangon fata, sai wata ƙaramar jaka da ta yi ƙara da aka taɓa ta.

Babban ɗan marigayin ya ce, "Allah gafarta Malam, a rubuta: adaka ɗaya da abin da ke cikinta."

Ni ina zaune bakin ƙofa, maƙwabtaka ce ta kai ni, an ce in zo in zama shaida. Ban san lokacin da na ce, "Malam, a ɗan dakata. Kayan cikin adakar nan na unguwa ne" ba. Zauren ya yi tsit. Babban ɗan ya dube ni, ya ce, "Yaya, ina takardar da ta ce haka?" Babu takarda. Daga nan aka shiga wata magana da ta ɗauke mu mako uku, ita ce nake so in rubuta yadda ta kasance, don na san ba unguwarmu kaɗai ce ke da irin wannan adaka a ƙarƙashin gadon wani dattijo ba.

Yadda gasar take

Duk ɗan cikin birnin Kano ya san tashe. Idan goman marmari ta wuce aka shiga goman wuya, daga daren goma ga Ramadan, yara kan fito bayan shan ruwa suna bin gidaje da shaguna, su yi shiga irin ta wani, su kwaikwaye shi, a ba su kuɗi ko hatsi. Akwai Tsoho da Gemu, akwai Jatau Mai Magani, akwai Ka Yi Rawa inda yaro ke shigar malami da allo, 'yan mata kuma su yi Samodara ko Mairama da Daudu. Manya ma suna da nasu, don Nalako, sarkin gwagwaren Kano, a wannan goman yake fitowa da jama'arsa suna tsokanar marasa aure.

Namu ya bambanta da na sauran unguwanni ta fuska ɗaya: gasa ce. Lunguna huɗu ne a unguwar, kowane lungu ya fito da ƙungiyarsa, a yi dare tara ana karawa. Dokar da ta riƙe wasan duka ita ce wadda muke kira "kada ka faɗi". Daga lokacin da yaro ya fito daga zauren Baba Ma'aji bayan sallar asham sanye da kayan wasa, ya daina zama kansa har sai ya dawo ya cire su. In tsoho ne, ko kare ya biyo shi ba zai miƙe bayansa ya ruga ba. In Jatau ne, duk wanda ya tare shi da wani ciwo sai ya ba shi magani da farashi da sharaɗin sha, nan take, ba tare da ya yi dariya ba. 'Yan sauran lunguna suna bin sa a baya, aikinsu ke nan su kayar da shi. Wani ya kira shi da sunansa na yanka daga cikin duhu. Wani ya zo da gudu ya ce mahaifiyarka na kira. In ya waiwaya, ya faɗi, an cire shi a wannan daren. Na ga yaron da aka zuba wa ruwan sanyi a ƙeya, ya juyo a hankali yana karkarwa, ya ce da muryar tsufa, "Allah ya shirye ku, jikokina," ya ci gaba da dogara sandarsa. Matan gidan da abin ya faru a ƙofarsu sun yi ta guɗa.

Daren ƙarshe shi ne zaman fada. A shimfiɗa tabarmi a filin da ke gaban masallaci, waɗanda ba su faɗi ba a raba musu muƙamai: sarki, waziri, alƙali, dogarai, mai ƙara da wanda ake ƙara. Babu rubutaccen labari. Dattawa uku su jefo shari'a, misali akuyar wani ta ci danƙon wani, a bar yaran su yi ta. Wanda ya san wasan gauta da matan fada ke yi, ko kalankuwar ƙauye inda samari ke naɗa gwamnansu da alƙalinsu bayan kaka, zai gane daga inda iyayenmu suka ɗauko wannan. A ƙarshen zaman dattawan su haɗa kai su fitar da gwani ɗaya.

An fara gasar a shekarun da azumi ke faɗowa tsakiyar damina. Shekarar Hijira tana gaza ta bature da kwana 10 ko 11, shi ya sa azumi ke ja da baya, sai ya yi kimanin shekara 33 kafin ya komo inda ya baro. Ya bi ta bazara, ya bi ta hunturu, ya zagayo ya sake samun mu a damina a 2012 da 2013, muna nan ba mu fasa ba. Ko a shekarun nan biyu, da gari ya kasance cikin ɗar-ɗar bayan harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012, an yi wasan, sai dai ba a bar yara sun wuce bakin lunguna ba.

Abin da gwani ke samu

Ba kofi ba ne, ba kuma kuɗi ba. Kuɗin da aka tara a dare taran ana raba wa yaran duka su yi hidimar Sallah. Gwani abu uku yake samu.

Na farko kwabo mai huji. Baba Ma'aji ya yi tireda a ƙuruciyarsa, kuma da aka canza kuɗi a ranar 1 ga Janairun 1973, aka bar fam da sule aka koma naira, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sai wasu tsofaffin kwabbai suka maƙale masa a gwangwani bai kai banki ba. Yawancinsu na 1959 ne, jan ƙarfe, gefe ɗaya kambin sarauniyar Ingila a saman hujin, ɗaya gefen tauraro mai tsini shida. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka girme su, na zamanin da Nijeriya ke kashe kuɗi ɗaya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, waɗannan har da rubutun Larabci a jikinsu. Shi ne ya ga cewa abin da ba ya sayen komai a kasuwa zai iya zama kyautar da kuɗi ba ya saye. Kowace shekara sai ya ɗauki ɗaya ya goge shi da toka da lemon tsami, ya kai wa dukawa a kasuwar Kurmi su zura masa igiyar jar fata. A jikin igiyar ake ƙulli: shekarar gasa ta biyar ƙulli biyar, ta goma sha biyu babban ƙulli ɗaya da ƙanana biyu. A daren ne kawai ake rataya shi a wuya. Tun farko wani malamin unguwa ya ja hankali cewa kada yara su ɗauke shi laya, saboda haka washegari kowa ke cire nasa ya adana.

Na biyu, sunansa ya shiga kundi. Layi ɗaya kowace shekara, da ajami a dama, da boko a hagu: shekarar Hijira, sunan yaro, sunan mahaifinsa, lungunsu, da abin da ya fito a matsayinsa.

Na uku shi ne gemun, kuma shi ya fi komai daraja a wurinmu. Asalinsa ƙyalle ne mai faɗin yatsu uku da igiya biyu da ake ɗaurawa a bayan kunne. Duk shekara mahaifiyar gwani za ta aiko da curin auduga daga gidanta, matar Baba Ma'aji, wadda kowa ke kira Goggo, ta ɗinka shi a ƙasan na bara. Haka gemun ya yi ta tsawo. In ka shimfiɗa shi a tabarma za ka ga shekarun da idonka: wajen haɓa ya yi launin ƙasa saboda gumi da ƙura, tsakiya ruwan toka, can ƙarshe fari. Akwai wani curi da ya ƙone a gefe, na shekarar da wani ya matso da fitilar aci-bal-bal kusa da yawa. Akwai wanda ya yi shuɗi-shuɗi, don gidan su yaron marina ne, audugar ta kwana kusa da baban rini. Yanzu in yaro ya ɗaura shi sai ya naɗe shi sau biyu a hannu, in ba haka ba ya taka. Ba a wanke shi, ba a kuma ba kowa aro.

Shekarun da adakar ta zauna a rufe

A 2020 azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, Kano tana cikin kullen korona, ba wanda ya fita. Bayan nan kuma rundunar 'yan sandan jihar ta riƙa sanar da dakatar da tashe a shekaru daban-daban, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Duk wanda ke zaune a cikin gari ya san ba ƙarya ba ne, mun ga yadda taron yara ke rikiɗewa cikin minti biyu in wasu suka shigo da makami a ƙugu. Dattawanmu suka ce a bi doka. Adakar ta koma ƙarƙashin gado, Baba Ma'aji kuma jiki ya fara nauyi. Yaran da suka taso a wannan tsakani ba su taɓa ganin gemun ba sai labari. Mu da muka sani kuma kowa ya kama harkar gabansa, babu wanda ya je ya zauna da tsohon ya ce, Baba, kayan nan me za a yi da su bayanka? Wannan sakacin namu ne, mu tsofaffin 'yan wasa, ba na iyalansa ba.

Zaman farko da abin da Malam ya ce

Malam bai yanke komai a ranar ba. Ya sa aka rufe adakar, ya riƙe makullin, ya bayyana mana tsarin. Kafin a raba gado sai an cire abin da ba na mamaci ba, kamar ajiyar da aka ba shi. Sannan hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, abin da ya rage shi ne na magada. Tun da kayan a ɗakinsa aka same su, asali nasa ne, wanda ya ce ba nasa ba ne shi zai kawo hujja. Ya ƙara da abin da ya ɗaure mana hannu: cikin magadan akwai yara biyu ƙanana na amaryarsa, marayu ne, kuma babu wanda ke da ikon yafe haƙƙin maraya, ko uwarsa, ko yayansa, ko mai unguwa.

Wani daga cikinmu ya ce ai marigayin ya sha faɗa a gaban jama'a cewa kwabban nan na yaran unguwa ne, wannan bai zama wakafi ba? Malam ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, hubusi, wato wakafi, ko kyauta ba sa tabbata sai abin ya fita daga hannun mai shi an karɓa, tun yana da rai da lafiya. Kwabon da ya rataya wa yaro ya zama na yaron. Wanda ya rage a jaka a ƙarƙashin gadonsa bai fita daga mulkinsa ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji ya ce "bayan raina a ba unguwa", don ya zama wasiyya. Muka dubi juna. Babu wanda ya ji, kuma alhamdu lillahi babu wanda ya ce ya ji.

A waje maganar ta yi zafi. Wasu suka ce babban ɗan kwaɗayi ne ke damunsa, wai wani dillalin tsofaffin kaya a Kurmi, irin masu sayar wa baƙi, ya yi masa tayi. Tayin gaskiya ne, amma kuɗin bai taka kara ya karya ba, irin waɗannan kwabbai an buga su da yawan gaske, ba su da tsada. Na san mutumin tun muna yara, ban yarda kuɗi ne ba. Sai na same shi a shagonsa bayan la'asar.

Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta jera kaya. Can ya ce, "Yaya, kai kana da kwabo?" Na ce ina da shi. Ya ce, "Ni shekara nawa na yi ina wasan nan? Sau uku ina kaiwa zaman fada ban faɗi ba. Baba ya ce muddin yana cikin alƙalai ɗansa ba zai ci ba, kada a ce ya yi son kai. Ban ce bai yi daidai ba. Amma ku kuna da abin da za ku nuna wa 'ya'yanku. Ni a gidanmu aka yi wasan, uwata ce ta ɗinka gemun, sunana ko sau ɗaya babu a kundin. Yau kuma kun zo zauren ubana kuna ce mini kayan ba namu ba ne."

Ban sami abin ce masa ba. Na koma gida na ɗauko nawa kwabon daga cikin kwalin takardu na daɗe ina kallonsa. Tun da nake ban taɓa lissafa yawan yaran da suka yi dare tara suna wasa suka koma gida hannu rabbana ba. A kowace shekara mutum ɗaya ne ke fita da shaida, sauran arba'in ko hamsin sai dai su ce "ai ni ma na yi".

Zama na biyu

Muka aika wa duk wanda muka san ya taɓa ci. Wasu sun rasu, wasu suna Legas ko Abuja, wani yana Saudiyya. Waɗanda ke gari suka zo, wasu da furfura, akwai direban tirela, akwai malamin jami'a, akwai mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Kowa ya ciro kwabonsa ya ajiye a gaban Malam. Wani nasa a cikin kuttun kwalli na mahaifiyarsa ya kawo shi. Wani igiyar ta bushe ta karye, ya haɗa guntayen a leda don kada ƙullin ya ɓace. Matar wani marigayi ta aiko da na mijinta a hannun ɗanta.

Malam ya buɗe kundin. Sai a ɗauki kwabo a ƙirga ƙulli, a duba layin wannan shekarar, a ga sunan mutumin da ke zaune. Sannan a ƙirga curin gemu daga sama zuwa wannan adadin, a tambaye shi, ya ce audugar daga ɗakin mahaifiyarsa ta fito. Mai curin shuɗi yana nan, ya ce gidansu har yau rini ake yi. Goggo tana takaba, daga bayan labule ta ba da nata bayanin, ta ce ita ɗinki kawai ta yi, ko curi ɗaya ba na gidanta ba ne, ƙyallen farko ma wata maƙwabciya ce ta yage daga zanenta. A shafin farko na kundin kuma aka ga rubutun marigayin da kansa, cewa an sayi wannan littafi da kuɗin tashen shekarar farko. Rawani da allo da gora su ma an sami waɗanda suka san gidajen da suka bayar.

Hukuncin ya fito kashi biyu. Gemu, kundi, rawani, allo da gora ajiya ce, a mayar wa masu ita, wato jama'ar wasan, a hannun wanda suka amince da shi a gaban mai unguwa. Adakar kanta da kwabbai tara da suka rage a jaka dukiyar marigayi ce, a yi musu ƙima su shiga gado. In unguwa na so, ta saya a farashin da masana kasuwa biyu suka faɗa, kuɗin ya shiga rabo, matan su ɗauki tumuninsu, 'ya'ya su raba saura, namiji rabon mace biyu. A ganina wannan hukunci ya yi adalci ta kowace fuska, kuma na ji daɗi da bai biye wa yawanmu da furfurarmu ya ba mu abin marayu ba. Kafin a tashi aka yi karo-karo, kuɗin kwabban ya haɗu har da ragi.

Da aka zo kan adakar sai babban ɗan ya ce, "Malam, ita kam a sa ta a rabona." Babu wanda ya ja.

Tambayar da ta rage

Kwabo tara shekara tara ke nan. Ana iya zuwa Kurmi a sayo wasu, amma dattawa suka ce wanda bai fito daga gwangwanin Baba Ma'aji ba, ƙarfe ne kawai. A nan ne ɗan yayata, wanda ke karatun kwamfuta, ya kawo wata magana. Ya ce, "Kawu, ba mu kaɗai ke irin wannan ba." Ya nuna mana a wayarsa wani taro da ake yi a jihar Pensilbaniya ta Amurka, sunansa Yaƙin Pennsic. Wata ƙungiya ce mai suna SCA, wadda aka kafa a 1966 a Kalifoniya, ke shirya shi tun 1972. Mutum wajen dubu goma ke haɗuwa a sansani na tsawon mako biyu, su yi shigar mutanen da, su naɗa sarakunansu, su yi yaƙin wasa da sanduna da garkuwa. Su ma korona ta hana su yi a 2020 da 2021. Abin da ya ja hankalinsa shi ne, duk wanda ya shiga sansanin ana ba shi lambar ƙarfe mai ɗauke da lambarsa, ya rataya a wuya, kowace shekara da irin zanenta. Ba sai ka yi nasara ba, zuwanka ya isa. Waɗanda suka daɗe suna zuwa sai ka ga sun tara su da yawa.

Da ya ce mu ma mu riƙa ba kowane yaro shaida, dattawa biyu suka ƙi. Hujjarsu tana da ƙarfi: abin da kowa ke da shi ba ya sa yaro ya daure ruwan sanyi a ƙeya. Darajar kwabon ita ce ɗaya ne tak a shekara. Da a ce kafin in je shagon nan ne, da ina bayansu. Amma na riga na ji abin da na ji. Sannan da muka zauna muka karanta kundin daga farko zuwa ƙarshe sai wani giɓi ya fito fili wanda ya fi na babban ɗan girma: babu sunan mace ko ɗaya. 'Yan matan lungunan nan huɗu sun yi shekara da shekaru suna Samodara da Mairama da Daudu, kuɗin da suke tarawa a tukunya ɗaya ake zubawa da na maza, sau da yawa ma nasu ya fi yawa don su ke shiga har cikin gidaje. Ba sa zuwa zaman fada, saboda haka ba sa ci, saboda haka ba a rubuta su. Iyayen da suka ba da auduga ba a rubuta su ba. Goggo da ta ɗinka kowane curi da hannunta, ita ma babu ita. Da a ce shaidar da Malam ya nema ta rataya ne a kan abin da aka rubuta game da mata, da mun rasa gemun.

An kai ruwa rana kafin a daidaita, kuma ba kowa ya gamsu ba har yau. Kwabo ya tsaya a na gwani ɗaya, kamar da, har ranar da taran za su ƙare, sannan na lokacin su san abin yi. Ba mu buga lambar ƙarfe ba, ta fi ƙarfin aljihunmu, kuma ba ta yi kama da mu ba. Dukawan da ke yi mana igiya suka yanka mana 'yan ƙananan fatu masu faɗin kwabo, da huji a tsakiya, an buga shekarar Hijira a jiki. Duk yaron da ya kammala dararen wasa, namiji ko mace, ya faɗi ko bai faɗi ba, yana samun ɗaya. A kundi an buɗe sabon sashe daga baya, ana rubuta sunan kowa. 'Yan mata suna da nasu zaman a cikin gida, matan unguwa uku ke alƙalanci, gwanarsu kuma ita ma mahaifiyarta na aiko da auduga. Wannan na ƙarshen shi ya fi shan suka, wani dattijo ya ce gemu ba na mata ba ne. Goggo ta aiko masa da saƙo cewa ya je ya ƙirga hannun maza nawa ne a jikin wancan gemun.

An kuma rubuta takarda, wadda da an yi ta tun farko da ba a zauna ko sau ɗaya ba: jerin kayan, cewa ajiya ce ba mallakar mai riƙo ba, da sa hannun mai unguwa da liman da wakilin kowane lungu. Kwafi uku, a gidaje uku.

Wasan kansa ya dawo, amma ba a titi ba. Ana yin sa a tsakar wani babban gida mai ƙofa ɗaya, iyaye na zaune, ba yawo, ba bin shaguna, an rage shi zuwa dare uku. Ya rasa wani abu, ba zan ɓoye ba. Tsohon da bai bi lungu mai duhu ana kiran sunansa ta bayan katanga ba, bai sha irin gwajin da muka sha ba. Amma yaran da ba su taɓa ganin gemun ba sun gan shi, wata yarinya ma ta tambaya ko gashin mutum ne.

Shekaru biyun farko da aka rasa an bar musu layi a kundin, an rubuta shekarar, an ja layi a gurbin suna, haka ma sauran. Waɗanda suka yi wasa a da ba su ci ba, an ce duk mai so ya zo a rubuta shi a sabon sashen da shekarun da ya tuna, a ba shi fata ɗaya marar shekara. Mutane sun zo fiye da yadda muka zata, har da matan aure da suka aiko 'ya'yansu da sunayensu a takarda. Babban ɗan Baba Ma'aji bai zo ba. Ni na kai masa tasa shago. Ya karɓa ya juya ta, ya tambaye ni ko an rubuta shekaru ukun da ya kai zaman fada. Na ce an rubuta. Koriyar adakar tana bayan kantarsa, ya sa takardun shago a ciki, ya buɗe ta ya jefa fatar, warin kafur ɗin bai gama fita ba. Kayan wasan yanzu suna cikin sabon akwati a gidan liman, kwabbai takwas ne a jakar.